Rumawan Baffa

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na je gaida baffan Hadiza. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Illela, kuma lokacin shekara biyu ke nan ina neman yarinyar nan. Mahaifinta ya rasu, don haka wuƙa da nama na hannun baffanta, wani dattijo dillalin shanu. Tun a hanya abokina Bello ke ja mini kunne: in gaisa, in sunkuyar da kai, in yi shiru. (Shirun ne dai Allah bai hore mini ba.)

Bayan gaisuwa Baffa ya tambayi abin da nake koyarwa. Na ce tarihi, a makon nan ma kan Rumawa muke. Sai na ga fuskarsa ta washe, ya gyara zama.

"Madalla. To mi kaka hwaɗa ma yara game da Rumawa?"

Gogan naku na ɗauka na samu mai son ilimi, sai na saki baki. Na ce jarumai ne a fagen yaƙi, Baffa ya gyaɗa kai. Na ce amma fa rayuwarsu ba irin tamu ba ce. Da fitsari suke wanke tufafi, wasu har haƙora. Masai ɗinsu ba katanga, a jere suke zama suna hira, kuma soso ɗaya kowa ke tsarki da shi. Bello na ta taka mini ƙafa, ni kuwa na zaci tabarmar ce ta yi mana kaɗan, har matsawa na yi. Na ƙara da cewa yara za su rubuta jarrabawa a kai.

Baffa ya dube ni.

"Mu ɗin ga Rumawa na," in ji shi. "Ubana daga Ruma ta ƙasar Katsina ya taho garin ga da shanunai. Ban taɓa ganinai da soso ba."

Na shiga rantse-rantse cewa Rum ta Turai nake nufi, mutanen da suka shuɗe tun kafin Musulunci. Ya miƙe ya ce la'asar ta yi.

Daga baya an yi masa bayani, kuma ya gane sarai, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Saƙon da ya aiko shi ne, ko Rumawan ina ne, wanda zai zauna gaban surukinsa yana zancen masai ba ya da kunya, shi kuwa ba ya ba marar kunya 'ya.

Hadiza tana Ƙonni yanzu, matar wani mai sayar da atamfa, da 'ya'yanta uku. Ni ina nan ina koyar da tarihi, takaicin bai sake ni ba. Shekaru na yi ina nazarin al'adun mutanen da suka mutu, ban san na gidan da zan nemi aure ba. Yanzu duk wanda ya tambaye ni labarin Rumawa, sai na fara tambayarsa garinsu.