Ranar da Cikin Arɗo Ya Yi Magana

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na rasa Arɗo ba, kuma har gobe ina jin an zalunce ni.

Kanwa nake sayarwa a Birnin Gwari, wadda fatake ke saukewa da jakuna daga gabas. Arɗo, shugaban Fulanin da ke kiwo a dajin yamma, shi ne uban cinikina. Duk kaka yakan zo ya kwashi ta lasar shanun rugagensu gaba ɗaya, in ya saya na ci shekara. Sai na ji Tanko, maƙwabcin rumfata, yana zawarcinsa.

Ni kuwa na tashi da hikayoyin da attajiri ke tarbar baƙo har baƙon ya zubar da hawaye ya ba shi 'yarsa. (Arɗo yana da 'ya'ya mata. Ban ce komai ba, amma na yi tunani.) Na yanka rago. Matata Ladi ta tuƙa tuwo, ta ce in kai masa ɗaki in ja asabari in ba shi wuri. Na ce mata ita ina ta san kasuwanci.

Arɗo ya iso da hantsi, tun asuba yake tafe, da wani mutum a bayansa. Na shimfiɗa musu tabarma ɗaya a ƙofar gida, inda kowa zai gani, musamman Tanko. Na ajiye akushi ɗaya a tsakaninsu, na tsaya a kansu ina zuba kirari.

Arɗo ya ce ya ƙoshi. Na matsa, ya sake cewa ya ƙoshi. Mutumin da ya zo da shi ya juya mana ƙeya yana kallon tsamiya. Raina ya fara ɓaci: rago sukutum, a ce ko loma?

Ana cikin haka cikin Arɗo ya yi ƙugi, irin na hadarin gabas. Kowa ya ji, kowa ya yi kamar bai ji ba. Ban da ni.

"Baffa Arɗo, ai ga cikinka ya ƙaryata ka!"

Na yi dariya ni kaɗai. Arɗo ya ja malafa ya rufe fuska, ya miƙe a hankali.

"Malam, mun gode. Allah ya ƙara buɗi."

Ashe mutumin nan mijin 'yarsa ne. Bafulatani ya gwammace yunwa ta kar shi da ya tauna abu a gaban surukinsa, ni kuma na yi shelar yunwar tasa a bakin hanya.

Abin da ya fi ƙona min rai, Tanko bai yanka ko kaza ba. Da suka je gidansa, fura kawai ya ajiye musu a ɗakuna biyu, ya ce shi zai je duba jakinsa. Da ya dawo ƙoren nan duk sun yi fes, ba wanda ya ce an sha, ba wanda ya tambaya. Da yamma ina tsaye aka ɗora kanwarsa a kan takarkarai. Ina adalci a nan? Ni na yi hidimar, shi ya tafi wurin jaki!

Kwana uku muna cin ragon nan, Ladi na tambayata ko cikina na da abin faɗa.

Yanzu in babban mai saye ya zo, nakan ajiye akushi in ɓace. Ko aradu ce ta faɗo a cikinsa, ni kurma ne.