Yaƙin Lawandi da Wayar da Ba Ta Shiga Aljihu

Da sunan Sarkin da ya yi ƙarfe ya yi wuta. Wannan tarihin Lawandi ne, ɗan Tukur mai baka, jikan Jatau da ya kori kura da takalmi, tattaɓa kunnen maƙeran Ringim, bijimin shagon buga takardu, ma'abocin gashin bakin da shekara goma sha ɗaya aska ba ta kusance shi ba.

Ranar wata Talata wayar kawunsa Nadabo ta mutu. Lawandi ya miƙe a gaban dattawan majalisa ya rantse cewa kafin la'asar zai halitta wa kawu waya a cikin kwamfuta. In ya gaza, a aske gashin bakin. Aka shaida. Ɗantani wanzami ya koma gefe yana wasa aska.

Sadaukin ya shiga fagen fama da hantsi. Ya kama linzamin kwamfuta, ya saki kibiya a kan allo, ya gina wata na'ura ta ƙarya a cikin ta gaskiya, ya yanka mata rabin ƙwaƙwalwar uwar gidanta, sannan ya janyo manhajar da ke tafiyar da wayoyi daga nisan duniya ya zuba mata. Allo ya yi baƙi ƙirin. Fankar ciki ta yi ruri kamar injin niƙa, zafi ya turnuƙe shagon, matsorata suka ja benci baya. Shi ko gezau. Ya cire hula yana yi wa abokiyar gaba fifita.

Sau uku ya kai farmaki, sau uku rundunar fararen rubutu ta kore shi. A na huɗu aka ɗauke wuta. Ya fita ya shaƙe janareto da igiya har ya yi tari ya tashi. Ya dawo da gumi, ya daka tsawa: "Ni ne na Jatau!" Ya danna.

Sai ga fuskar waya tsaye a tsakiyar allo, da agogonta, da komai nata. Majalisa ta yi kabbara. Ɗantani ya naɗe aska da baƙin ciki.

Kawu Nadabo ya matso, ya leƙa, ya dangwala yatsa a gilashin. Ba ta motsa ba. Ya buɗe aljihun rigarsa ya ce, "Madalla, ɗana. Ciro mini ita, zan tafi kasuwa."

Lawandi ya yi bayani cewa ba ta fitowa. Kawu ya nemi a kwance ƙusoshin bayan. Aka ce ko an kwance babu kowa a ciki. Ya tambaya ko za a iya kiran 'yarsa da ke Gumel da ita. Aka ce ba ta da wurin sa layi.

Dattawa suka zauna shari'a har aka kira salla. Suka ce waya dai an gan ta da ido, wannan nasara ce. Amma ba ta shiga aljihu, wannan faɗuwa ce. Adalci shi ne a raba.

Ɗantani ya tambayi sadaukin wane ɓangaren gashin bakin yake so a bar masa. Ya zaɓi na dama.