Ranar da Alhaji Makau Ya Yi Wa Laka Barbaɗe

Duk ƙasar Bukkuyum babu mai hangen nesa irin Alhaji Makau. Mu iyakarmu mu hango damina, shi kuwa har ƙanƙarar Turai yake hangowa.

Bara ya sayo tsohuwar tifa daga Kwatano. Gaban tayoyinta na baya akwai wani akwatin ƙarfe mai bututu. Dillali ya ce masa a ƙasar da aka ƙera ta, idan ƙanƙara ta rufe titi, direba kan danna maɓalli, akwatin ya barbaɗa yashi, taya ta samu abin kamawa. Tun daga ranar tasha ba ta huta da jawabi ba.

"Ku da tsammani kuke tuƙi," in ji shi, "ni da kimiyya."

Muka sa masa Sarkin Ƙanƙara. Ya ji daɗi, ya sa aka rubuta a goshin motar.

To, ƙanƙara dai ba ta zo ba. Sai Alhaji ya samo wa akwatin aiki. Ya sayi niƙaƙƙen dutsen zinariya buhu biyu, ya juye ciki a ɓoye, don ɓarawon hanya ba zai leƙa nan ba. Ya kama hanyar Anka, shi da kansa a sitiyari.

An kwana ana ruwa. A gangaren wani rafi kusa da wani gari, ranar kasuwa, tifa ta zauna cikin laka, tayoyi na juyawa a banza. Jama'a suka taru. Maharazu mai faci, taubashinsa, ya leƙo ta taga.

"Ranka shi daɗe, ranar kimiyya ta zo. Danna muna mu gani."

"Ba don irin wanga santsi anka yi ta ba."

"Ai mun sani. Tukunyar ƙarfe anka sayar maka, ka aje goro."

Aka kwashe da dariya. Ni ma kasuwa ta kai ni, ina tsaye ina kallon yatsansa, ya je kan maɓalli, ya dawo, ya sake zuwa. Shi kaɗai ya san abin da ke ciki. Da dariyar ta yi yawa sai ya gyara hula.

"Ku matsa ku ga aikin Turawa!"

Gaskiya na'urar na aiki. Ta barbaɗe niƙaƙƙen dutsen tas, ko cokali ba ta rage ba. Tayoyi suka murje shi cikin laka, mota ko gezau.

Wani mai haƙar zinariya ya duƙa, ya murza lakar a tafinsa, ya ruga gida. Kafin azahar duk mai kwanon wanki a garin yana bakin rafi.

Alhaji ya aika a kawo shanun noma su ja shi. Masu shanun suka ce ya ƙara haƙuri, ba a motsa motar Sarki sai sun gama wanke ƙarƙashinta.