Ranar da ƙumbar teku ta ɓace a hannuna

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, sati na uku da fara aikina a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar kuɗi a Dubai. Digirina a ilimin halittu na yi shi, a Kano, kuma na ci da kyau. Sai dai duk halittar ruwan da na sani a allo na san ta. Teku kuwa, ta tagar jirgi na fara ganinsa.

Ran nan shugabar sashenmu, wata Ba'indiya da muke kira Madam, ta shigo da bokiti. Da asuba ta je bakin teku, lokacin da ruwa ya janye, ta tono wasu 'yan halittu masu ɓawo biyu, ba su wuce farcen babban yatsa ba. Ni dai ƙumbar teku nake ce musu. Ta zuba su a akwatin gilashi mai yashi da ruwan gishiri, ta ce in kula da su, gobe iyayen yara za su zo kallo. Daga nan ta tafi taro.

Na ƙirga su, talatin cif, kwance a kan yashi. Na tafi sallar azahar, na ci shinkafa, na dawo.

Babu ko ɗaya. Yashi da ruwa kawai.

Na leƙa ƙarƙashin tebur. Na duba wurin wanke hannu. Har bayan firji na haska da waya (ban san me nake tsammani ba, abin da ko ido ba shi da shi ya je bayan firji yin me). Sai na lura daɓen ɗakin a jiƙe yake, an yi mopin.

Mai sharar sashenmu Mma Salamatu ce, dattijuwa 'yar zangon Ghana, ita kaɗai nake jin Hausa a bakinta a duk makarantar. Kullum sai ta tambaye ni ko na karya. Da safe kuma na ji ta da kunnena, ta leƙa bokitin ta ce, "A garinmu miya ake yi da manyansu."

Shi ke nan, na gama bincike.

Na zauna na rubuta rahoto da Turanci, shafi ɗaya da rabi, har da kanun magana. Na kai wa manajan makaranta, wani Balarabe wanda shi ma bai fi ni sanin teku ba. Ya karanta, ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare, "a kira ta."

Aka kawo ta ofis. Mai gadi ya buɗe jakarta, ya buɗe kular abincinta: wake da shinkafa, da rabin ƙwai. Manaja yana ta maganar kora da soke biza. Matar da take aika wa jikoki huɗu abin makaranta ke nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ni ta kalla.

"Malam Nura, kai ka rubuta?"

Na ce, "Mma, ai tambaya ce kawai ake yi."

Ta ce, "To, mu je wurin akwatin."

Muka ɗunguma, ni da ita da manaja da mai gadi. Muna shiga Madam ma ta dawo. Mma Salamatu ta sunkuya ta nuna min saman yashin.

"Ɗana, me ka gani nan?"

Na ce, "Yashi."

"Ƙara dubawa."

'Yan ramuka ne, bibbiyu bibbiyu, kamar an tsira allura. A bakin wasu har ana hango ɗan bututu fari yana motsi. Ta ce da ɗaya suke zuƙar ruwa su tace abincinsu, da ɗayan su fitar. Ta naɗe hannun riga, ta cusa yatsu a yashin, ta ɗebo guda shida. Ta ajiye ɗaya a saman yashin ta ce kowa ya yi shiru.

Muka yi shiru. Abin ya ɗan buɗe ɓawonsa, ya zuro wani nama kamar harshe, ya soka a yashi, ya miƙe tsaye, ya girgiza sau uku ko huɗu, ya nutse. A gaban idona. Ko sallama babu.

"Haka suke guje wa tsuntsu da ƙaguwa," in ji ta. "In ka gan shi kwance a sama ya daɗe, wannan ya mutu."

Manaja ya ce, "Masha Allah," ya ninke rahotona gida huɗu ya miƙo min. Madam ta cire tabarau ta tambaye ni, cikin natsuwa, wane fanni na ce na karanta. Na faɗa mata. Ta ce in maimaita, ba ta ji ba. (Ta ji.)

Abin da ya fi ci min rai, a bas ɗin komawa unguwarmu, International City, na tuna na taɓa zana wannan naman a jarabawa. Har kibiya na ja, na rubuta "ƙafar tono". Na samu maki cikakke.

Washegari na tare ta a bakin matakala, na durƙusa sosai, irin durƙuson gida, 'yan Filifin masu shara suna kallo. Na ce, "Mma, ki yafe min."

Ta kalle ni ta ce, "Na yafe. Amma Turancinka yana da kyau, manaja ya karanta min. Tashi, wandonka zai yi datti."

An kusa wata biyu kafin ta sake yi min wasa.

Yanzu shekarata huɗu a wurin. Ko biro ne ya ɓace, sai na zazzage aljihuna, na ɗaga kowace takarda, na tambayi wanda ya girme ni. In duk ban gani ba, sai in je kanti in sayi wani, bakina a rufe.