Maiƙon Kwana Talatin da Tara

"Lafiya lau, ya mutanen Durun? Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi. Kai dai faɗa min abin da ka ɓata, tunda har ka aiko min da ɗan acaɓa da sassafe."

Inna Marka ke nan, kakar Zayyad, tana saukowa a ƙofar gidansa da ke Gwarzo. Shi kuwa tun jiya yake fama a kicin. Matarsa Naja'atu tana wankan jego a gidansu a Kabo, gobe take cika arba'in, gwaggonninta za su rako ta, kuma an san halinsu, ko ruwa ba sa sha sai sun leƙa kicin. A can saman murhun gas akwai na'urar zuƙe hayaƙi da babanta ya sa mata a kayan ɗaki. Ranar tafiyarta abu ɗaya ta roƙe shi, ya riƙa goge ta. Gogan naka ya ce to, sannan ya tara abokai suka shiga suyar kifi ba dare ba rana.

Inna Marka ta ɗaga kai ta duba, ta riƙe baki.

"Angona, wannan kuma fa? Injin ne ya yi gemu?"

"Tsumma na sa da ruwan sanyi, zaren ya manne."

"Ruwan sanyi a maiƙo! To digirin naka na mene ne? Wannan danƙo ko ƙadangare ya taka sai ya kwana a nan."

"Ke da kika tsufa a gindin murhu, ina kika san inji? Da hayaƙi aka yaye ki."

"Ni ɗin dai ka aiko a ɗauko. Da ka kira 'yan bokon naku mana."

"Tausayinki na ji, na ce ki zo birni ki ga wutar lantarki kafin ki mutu."

"Sai na ga jikokin 'yarka, ɗan nema. Kashe wutar, ka ciro min ragar nan, ka ɗora ruwa ya tafasa."

Ya ciro ragar da ƙyar, hularsa ta goga a jikin na'urar ta tsaya a can. Inna Marka ta yi dariya har da dafa bango. Sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙullin jar kanwa.

"Ta kunun mai jego ce na kawo wa Naja'atu, ga shi za ta ƙare a kan ƙazantarka."

"Kanwa? Inji fa na ce miki, ba miyar kuɓewa ba."

"Rufe min baki ka miƙo daro."

Ta jiƙa kanwar a ruwan zafi da sabulu, ta tsoma ragar. Kafin su gama gardamar wanda ya fi wani muni, ruwan ya koma baƙi ƙirin, maiƙo ya taso yana yawo. Ta sa shi ya hau kujera da tsumma mai ɗumi, ya ɓamɓaro hular da ta sha maiƙo ya ɗora a saman na'urar, tana daga ƙasa tana ba da oda.

"Ban da soson ƙarfe, kar ka yi mata zane irin na fuskata!"

"Naki ai ya fi ƙarfin gyara."

"Da shi na kori 'yammata bakwai a kan kakanka."

Wajen azahar na'ura ta fito fes, har Zayyad ya hango fuskarsa a jiki. Ya sauke ajiyar zuciya, don da gaske kunyar Naja'atu yake ji, ba ta gwaggonni kaɗai ba. Yana juyowa sai ya ga tsohuwa tana ɗura baƙin ruwan nan a gorar roba.

"Inna, me za ki yi da shi?"

"Tsarabar mai jego ce. Ba ka cinye min kanwarta ba? Gobe a gaban gwaggonni zan miƙa mata."

"Haba uwargida ran gida! Haba farar mace, alkyabbar mata!"

"Au, yanzu na yi kyau?"

Zayyad ya shiga ɗaki da sauri ya fito da turmin atamfa da ya ɓoye mata don Sallah, ya durƙusa har ƙasa yana dariya.

"Kin ci, na bi. A rufa min asiri."

Ta shafa atamfar, ta tuttular da ruwan a makwarara, ta nuna saman na'urar da sandarta.

"To ɓoye hular can, ita ba ta karɓar atamfa."