Wanda Ya Daidaita Ruwa Ya Fito Ya Ga Zanina

Mai Girma na gidan ƙarshen layi, kai ka kashe mini zani. Ba wani ba, kai. Ni ban iya riƙe biro ba, babbar 'yata ce ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta sa wa maganata turare.

Jama'a, ku tsaya ku ji. Famfon layinmu ya daɗe da yin ritaya. In ka murɗa shi, sai ya yi maka tari kamar tsohon da ya shaƙi hayaƙi, ya yi shiru. Lokacin da Mai Girma ke neman kujera, a ƙofata ya tsaya, ya kira ni Iya, ya dafa ƙirji ya ce, "In na hau, abu na farko, zan daidaita ruwa." Muka yi guɗa. Allah ya ba shi, ya hau, ya ƙara wa katangarsa tsawo, ya haƙa kududdufin wanka a tsakar gida, irin wanda manya ke shiga da gajeren wando suna wutsil-wutsil.

Shekaranjiya da safe sai ga maƙwabciyata Mai-ɗinki a guje, ɗankwali a hannu.

"Yaya, tashi! Maigadin Mai Girma ya ce yau ake daidaita ruwa!"

"Wane ruwan?"

"Ke dai ɗauko bokiti, ga shi can yana kwarara!"

Gaskiyarta. Wani ƙaton tiyo ne ya leƙo ta ƙasan katangar Mai Girma, yana aman ruwa garai-garai, har da ƙamshin asibiti. Muka ce kai, bawan Allahn nan ashe bai manta ba. Har addu'a na yi masa, wadda yanzu nake neman hanyar karɓo abata.

Na cika baho, na ɗauko baƙin zanina, wanda marigayi maigidana ya saya mini, shi kaɗai ya rage cikin kayan da ya taɓa da hannunsa. Na jiƙa shi na tafi kasuwa. Da na dawo na ɗaga shi, sai na ga akuya. Wallahi akuya, fari nan, ja nan, toka-toka can. Ban gama salati ba sai ga mijin Mai-ɗinki, wanda duk layin nan mun san yana rina gemu amma muna kawar da kai. Kansa ya tsoma a ruwan ya sha wanka. Gemun ya koma kalar bulo.

"Malam, yau an fito da gaskiya," na ce masa.

"Iya, ki ji da zaninki," in ji shi, yana rufe haɓa da hula.

Na saɓa zanin a kafaɗa, sai ƙofar gidan Mai Girma. Maigadi ya ce Mai Girma na ganawa. Na ce ni ma ganawar na zo. Na yi ta dukan ƙyauren har mai kula da kududdufin ya fito, wani magidanci mai dogon takalmin roba.

"Ɗan nan, me kuka zuba a ruwan da kuka ba mu?"

"Iya, ai ba ku muka ba ba, zubarwa muke yi. Ruwan ne ya yi kore, gansakuka ta kama shi, Mai Girma ya ce baƙi na tafe, a juye maganin tsaftace ruwan duka. Na ce ya yi yawa, ya ce shi ba ya son ƙoro. To ya yi ƙarfi, ko yatsa ba a sawa, dole a rage a zuba sabo."

"Shi ne daidaitawar?"

"Shi ne. Kin ga wannan 'yar takardar? Tsoma ta ake yi, ta canza launi. In tsami ya yi yawa, ido ya yi zafi, sai a sa wata hoda. In ya yi kaɗan, ruwa ya yi dishi-dishi, a sa wata. Kullum sai an auna."

Kun ji fa. Kullum ana duba lafiyar ruwan nan, ana ba shi magani safe da yamma. Ni da nake da ciwon gwiwa ban samu wannan gatan ba. Kuma a yaba wa Mai Girma, bai yi ƙarya ba. Ya ce zai daidaita ruwa, ya daidaita. Mu ne muka yi guɗa ba mu tambayi na wa ba.

Na ce, "To zo ka tsoma takardar a famfonmu, mu ga launin da za ta ba da."

Ya sosa ƙeya. "Iya, ai sai da ruwa take aiki."

Da yamma aka aiko mini da sabon yadi a leda, wai in yi haƙuri. Na mayar. Wancan yadin bai san maigidana ba.

Yanzu zanin na kan igiya a ƙofata, daidai inda motarsa ke rage gudu saboda ramin da shi ma aka ce za a daidaita. Ba zan sauke shi ba. Mai Girma, ka sauke gilashi, ka dube shi, ka kira ni Iya kamar wancan karon, ka faɗa mini da bakinka: ruwan wa ka ce za ka daidaita? Ina zaune a kan kujerata, ina jira.