Ragon Jajibere a Cikin Waya

"Lafiya lau, Tsoho. Ya ƙarfin jiki, in da sauransa?"

"Da sauran wanda zai kai ki kasuwa ya dawo da canji. Ya gajiyar zaman banza?"

Haka Yusra da kakanta Alhaji Sabo suke gaisawa tun ta iya magana. Ranar Asabar ce bayan azahar, ta same shi a zauren gidansu na Yakasai, ya hakimce a kan buzu cikin babbar riga fara ƙal, ƙamshin turare har bakin titi. Shekara arba'in ya yi yana dillancin dabbobi a kara kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ita dai ba gaisuwa ce ta fito da ita ba, a zauren ne kawai waya take kama sabis sosai. Da la'asar ɗin nan mawaƙi Umair Mai Gurmi zai yi wasa a wani ɗakin taro bayan Ƙofar Nassarawa, kuma sati biyu ke nan tana ce wa aminiyarta Firdausi tikitinsu yana hannu. Gobe Firdausi za ta tafi karatu Sakkwato, wannan ce fitarsu ta bankwana. Tikiti kuwa ko ɗaya ba ta saya ba.

"Wannan ado fa? Wace bazawara ce tsautsayi ya sa ta amsa maka sallama?"

"Mai kyau ko a zaune ado yake. Ke kuma wannan latse-latsen, ƙuma ce ta shiga wayar?"

"Tikiti zan saya."

"Na wasan yau? Amarya, ba a fafe gora ranar tafiya."

"A zamaninku ke nan, da ake aika wasiƙa a kan jaki. Mu minti biyu ya ishe mu. Kai ina ma ka ji labarin wasan?"

"Rediyona ba kurma ba ce."

Ta buɗe shafin masu shirya wasan tana taunar cingam. Sai ga jan rubutu ɓaro-ɓaro: tikiti ya ƙare. Taunar ta tsaya.

"Minti biyun sun cika, ko agogona ne yake sauri?"

"Kwantar da hankalinka. Akwai ɓangaren da waɗanda suka fasa zuwa suke sayar da nasu." Ta leƙa, ta ga kowa ya ninka kuɗi har uku. Ta fice ta shiga dandalin hira, can fuskarta ta washe. "Yauwa! Ga wani zai ba ni biyu a rabin kuɗi. Har hoton tikitin ya turo. Ya ce in tura kuɗi yanzu, mutum biyar ne a layi."

"Hoto? Hoton rago kika taɓa ganin an yi layya da shi? Da ni ne, hoton nan mutum goma zan sayar wa kafin in kurɓi ruwa. Kira min shi."

"Kai da ba ka san inda ake kunna waya ba?"

"Na san inda ake kunna maƙaryaci. Kira."

Ta kira, ta ƙara murya. Alhaji ya gyara zama.

"Salamu alaikum, samari. Daga ina?"

"Nan cikin gari, Baba. Yakasai."

"Madalla, ashe na gida ne. Gidan wa a Yakasai?"

"Eh... wajen masallacin nan dai."

"Wanne daga ciki? Bar shi ma, ga ni a ƙofar gida. Tako da ƙafarka, kuɗinka na jiran ka har da goro."

Ƙit, aka kashe waya. Yusra ta sake kira, aka ce a kashe take.

"Ka kore min mai kaya!"

"Na kore miki kura daga garke. Araha ba ta ado, yarinya. Kuma duk mai cewa yi sauri akwai mutum biyar a bayanki, dabbarsa tari take yi, so yake ki ja ta kafin ta yi a gabanki."

A ranta ta san saura ƙiris ta yi cinikin biri a sama. Amma ba a saranda a gaban Tsoho.

"To, Sarkin Dillalai, sai in sayi mai tsadar?"

"Ƙarfe nawa yanzu?"

"Biyu da rabi."

"Kife wayar ki ɓare min goro. Tikitin nan ragon layya ne. Ana saura sati salla, mai rago sarki ne, ko gaisuwarki da ƙyar zai amsa. Ran jajibere da yamma, dusa ta ƙare, motar ƙauye tana hon, shi zai biyo ki yana Hajiya taya mana."

"In ragunan suka ƙare fa?"

"Yakan faru. Sau biyu na gani a shekara arba'in."

"Sau biyu! In yau ce ta ukun?"

"Sai ki yi layya da zakara, ki je ki gaya wa ƙawarki gaskiya."

Kamar Firdausi tana jin su, saƙonta ya shigo: ta yi wanka, tana ɗaurin ɗankwali. Yusra ta ɓare goro tana satar kallon wayar. Alhaji kuwa har da karkaɗa ƙafa.

Uku da kwata ta ɗaga waya. Farashi ya fara gangarowa.

"Tsoho, ga biyu sun sauko! In danna?"

"Bari su ƙara laushi."

Kafin ya rufe baki wani ya wafce su.

"Ka gani ko! Wallahi in na rasa, yau zan kai ka kotu a raba auren nan."

"Wa zai kwashe ki? Macen da ko ruwan zafi sai ta duba waya kafin ta dafa! Sake dubawa. Kasuwa ba ta watsewa da rago ɗaya."

Ta sake sabunta shafin, ta kuma sakewa. A karo na huɗu sai ga wata mai suna Fatima ta saka guda uku, ta ce a haɗe za ta sayar, har da lambar wayarta.

"Uku ne, ni kuma biyu nake so."

"Kira."

Muryar mace ta fito, ana jin hayaniyar baƙi a bayanta.

"'Yata, daga ina?"

"Kabuga, Baba. Ni jikar Malam Abdulmuttalib mai ɗinkin hula ce."

"Mai tsinin gemu? Allah ya jiƙansa. Ni na sayar masa da ragon sunan babanki, har ya tunkuyi wanzami."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Wallahi har yau ana ba da labarin nan a gidanmu!"

Alhaji ya kalli Yusra ya ɗaga gira, alamar wannan dabbar lafiyayya ce.

"Me ya hana ki zuwa?"

"Dangin maigida ne suka sauka daga Gaya, ba sanarwa."

"Baƙo rahama ne. To ga tayi: biyu a yadda kika saya, na ukun gyara."

"Albarka, Baba! Ana gyara a tikiti?"

"'Yata, da an kira la'asar abin nan ya tashi daga kaya. Da ma na takarda ne ki ƙunsa ƙosai, to a waya yake. Mu kuma ga wasu nan suna ta kiran mu."

Yusra ta zaro ido, don ko sauro bai kira su ba.

"Na sallama, Baba. Albarkacin ragon."

"Allah ya sa alheri. Amarya, kada ki saki ko sisi sai igiya ta zo hannu."

"Ta cikin shafin zan biya. Su suke riƙe kuɗin, sai tikiti ya dawo da sunana su sakar mata."

"Au, ashe shafin ma dillali ne! Ki gaishe min da shi, ɗan'uwana ne."

Wayar ta yi ƙara. Tikiti uku, kowanne da sunan Yusra. Ta daka tsalle, ta tura wa Firdausi cewa ta fito, yana hannu, karo na farko da maganar ta zama gaskiya.

"Saura na ukun. Wa ma zan kira?"

Alhaji ya dafa bango ya miƙe, ya kaɗe babbar riga, ya saɓa ta a kafaɗa.

"Kin taɓa jin dillalin da ya yi ciniki ya tafi ba la'ada?"

"Kai? Wurin wasan matasa?"

"Rediyo ta ce yaron zai fito da Jibrin mai kukuma su yi waƙa biyu tare. Jibrin ɗin da yake yi mana kiɗa a kara, in ya hango ni ya ce ga Sabo mai sayar wa makiyayi sandarsa. Shekara ashirin rabon da in ji shi."

Yusra ta dubi rigar, ta dubi hular, ta shaƙi turaren.

"Tsoho! Wato tun azahar ni kake jira? Da na sayi nawa tun wancan satin fa?"

"Ke? Sati biyu ina jin ki a zauren nan kina yana hannu, yana hannu. Mai rago a turke ba ya yawan rantsuwa. Ran nan na aika rigata wurin guga."

Dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a kan buzun.

"Na bi, Alhaji. Yau kam da tsohuwar zuma aka yi magani. Na fasa zuwa kotun."

"Kin taimaki kanki." Ya miƙa mata ɓarin goron da ta ɓare masa. "Ungo tukuici. Juya min takalmana in yi la'asar mu tafi. Kuma in mun shiga ki ɗan ja baya, kada 'yan mata su zaci ina da iyali."